Silin da kwanon asbestos a tsohon gida: a cire, ko a bar kaza cikin gashinta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Mun gaji gidan mahaifinmu a Kaduna, tsohon kwatas ne da aka gina a shekarun 1970, ya saya lokacin da gwamnati ta sayar wa ma'aikata. Rufin kwanon asbestos ne, silin ma haka, har bangon sito da na boyis-kwata da allunansa aka yi. Maiɗakina ta ji an ce yana kawo ciwon daji, ta ce ita da yara ba za su tare ba sai an cire komai. Kafinta ya ce kwana biyu ya ishe shi ya farfasa ya kwashe. Silin falo da na ɗakuna lafiya lau yake, na kicin ne ya jiƙe ya lotsa, sai allo biyu a bangon sito da suka tsage. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanya albarka a abin da ya bari.

Kafin komai, ka kira kafintan nan yau ka ce ya dakata. Kwana biyun da ya yi maka alkawari sun fi shekara hamsin ɗin da silin ya yi a saman kawunanku haɗari, nesa ba kusa ba. Uwargida tana da gaskiya cewa asbestos na kawo ciwon daji. Sai dai ƙurarsa ce ke kawowa idan an shaƙa, ita kuwa ƙurar ba ta tashi da yawa sai an sa masa guduma, ko zarto, ko injin huda, ko sanfefa. Wanda ya farfasa lafiyayyen silin don tsoron cuta, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa a cikin dutse, amma idan ka fasa dutsen sai ka ga zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cin sa, ruwa ba ya ruɓar da shi, gara ba ta kula shi. A wajejen 1900 wani ɗan Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ya gano yadda ake cuɗa zaren da siminti a matse shi ya zama allo mai ƙarfi marar kauri. Abin da ke gidanku ke nan: siminti ne mafi yawa, zaren asbestos bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, kuma simintin ya riƙe shi gam. Masana'antu a Ikeja da Enugu da Sapele da Kano da Bauchi sun yi shekaru suna buga irinsa, shi ya sa da wuya ka shiga tsohon kwatas, ko makarantar gwamnati, ko bariki, ko gidajen reluwe, ba ka same shi ba. Kuma a faɗi gaskiya, masu gini na da ba wawaye ba ne. Kwanon asbestos ba ya tsatsa, ba ya kwaramniya in ana ruwa, ɗaki ba ya zama tanda a bazara kamar na ƙarƙashin kwanon ƙarfe.

Matsalar tana cikin yadda zaren ke karyewa. Maimakon ya gutsure, tsagewa yake ta tsawo, ya sake tsagewa, har ya kai sirantar da ido ba ya gani. Gashin kai gungume ne a kusa da shi. In ya tashi sai ya yi awoyi yana yawo a iskar ɗaki, ba wari, ba ƙaiƙayi, ba tari. Wanda ya shiga can ƙasan huhu, jiki ba ya iya narkar da shi duka. Bayan shekara 20, 30, wani lokaci 40 ko fiye, yana iya bayyana, yawanci ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Akwai tabon huhu, inda huhun ke taurarewa numfashi ya yi ta gajarcewa, wannan yawanci na waɗanda suka daɗe suna aiki cikin ƙura mai yawa ne. Akwai sankarar huhu. Sai kuma sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki, wadda likitoci ke kira mesoteliyoma, ita ce kusan ba ta da wani sanadi sai asbestos, kuma har yau ba a warkar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa a kowace shekara saboda asbestos da suka shaƙa a wurin aiki.

A Afirka aka fara tabbatar da alaƙarsa da waccan sankarar ta tantani. A 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, J. C. Wagner, shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum 33 masu cutar, kusan dukkansu daga yankin da ake haƙar shuɗin asbestos. Abin da ya tayar da hankali shi ne da yawansu ba su taɓa shiga ramin haƙa ba, zama kusa da wurin kawai suka yi, wasu tun suna yara. Daga nan ƙasashe suka fara hanawa ɗaya bayan ɗaya: Birtaniya ta hana nau'in asbestos shuɗi da mai ruwan ƙasa a 1985, ta hana farin nau'in a 1999, Ostareliya a ƙarshen 2003, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada wadda ta daɗe tana haƙarsa a 2018. Amma ka lura da abu ɗaya. Waɗannan ƙasashe sun hana sabon amfani ne, ba su ce kowa ya rushe gidansa ba. A Amurka akwai unguwanni cike da gidajen da aka lulluɓe bangonsu na waje da ƙananan allunan siminti da asbestos tun shekarun 1940 da 1950, mutane na zaune a ciki, kuma shawarar hukumar kare muhallinsu ita ce in kayan lafiya yake a ƙyale shi. A Ostareliya kuwa suna lissafa masu cutar zango uku: na farko mahaƙa, na biyu ma'aikatan masana'antu da magina, na uku masu gyaran tsofaffin gidajensu da hannunsu a ranar hutu, da iyalan da ke tsaye suna kallo. Zango na ukun nan shi nake jiye maka.

Na taɓa ganin irin aikin da kafintanka ke nufi. Wata makarantar firamare ce aka ba wani ɗan kwangila gyaranta, ni kuma na je duba wani aiki a maƙwabta. Samari huɗu a cikin aji, ɗaya a kan benci da guduma yana dukan silin daga ƙasa, allo na faɗowa yana tarwatsewa a daɓe. Hasken rana da ya shigo ta taga kamar ka yanka shi da wuƙa saboda ƙura. Girarsu da gashin bakinsu sun yi fari fat. Ɗaya ya naɗe hanci da hankici, sauran ko wannan babu. Da suka gama sai aka kira 'yan aji shida da tsintsiya su share. Ɓaraguzan kuwa kafin la'asar sun ƙare: mai shayi ya ɗauki babban guntu ya sa a ƙarƙashin risho, wata tsohuwa ta kwashi na rufe akurki, sauran aka zuba a ramin da ke bakin titi inda motoci za su yi ta niƙa shi har hunturu. Da na yi wa shugaban leburorin magana sai ya yi dariya ya ce, "Injiniya, ai shekara goma sha biyar ina wannan aikin, ko mura ban taɓa yi ba." Gaskiya ya faɗa. Sau da yawa shekara goma sha biyar ba ta kai lokacin da cutar ke nuna kanta ba.

Yanzu mu koma gidanku. Za ka ji wasu na cewa ana gane asbestos da ido, ko a ƙona gefen allo da ashana a gani. Kada ka yi. Ba a tabbatarwa sai a ɗakin gwaje-gwaje, a ƙarƙashin madubi na musamman. Akwai ma ruɗani a kasuwa, don har yau duk allon silin na siminti "asbestos" muke ce masa, alhali manyan masana'antu sun koma amfani da zaren itace da na roba tun farkon shekarun 2000. Wani lokaci za ka ga an buga haruffan NT a bayan allo, alamar sabon haɗi ne marar asbestos. Amma gidan da aka gina a shekarun 1970, in ba an taɓa canja masa silin ba, ka ɗauka asbestos ne kawai ka yi aiki a kan haka. Kuɗin gwaji ka sa su a takunkumi da leda.

Gwajin da ya fi maka amfani shi ne na taurin kayan. Ka zagaya gidan da tocila, ka duba kowane allo. Allon siminti lafiyayye yana da tauri, in ka ƙwanƙwasa shi a hankali da ɗan yatsa yana amsawa kamar tayil. In ka ci karo da wani abu mai laushi, wanda farce ke shiga, ko wani farin abu kamar auduga ko busasshen kunu da aka naɗe bututun ruwan zafi da shi, to wannan wani babi ne daban. Irin wannan yakan ƙunshi asbestos mai yawa ƙwarai, kuma taɓa shi kaɗai na tayar da ƙura. An fi samunsa a tsofaffin asibitoci da masaƙu da wuraren da ake da tukunyar tururi, da wuya a gidan zama. In ka gan shi, rufe ƙofar ɗakin, ba aikin kafinta ba ne, sai ƙwararrun da suka san aikin.

Silin falo da na ɗakuna da ka ce lafiya lau yake, a bar shi. A goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe, a shafa masa fentin ruwa mai kyau hannu biyu da rola. Fentin yana like fuskar allon. Abin da za ka tsaya a kai da kanka shi ne mai fenti, domin al'adarsu ce su kankare tsohon fenti da sanfefa ko ƙarfen kankara kafin su shafa sabo. A nan an hana. Inda tsohon fenti ya ɓamɓaro, a jiƙa wurin a ɗauke wanda ya saki da hannu, sauran a shafe a kansa ko da ba zai yi sumul ba. In uwargida ba ta son ganinsa sam, ana iya sa silin roba a ƙarƙashinsa, da sharaɗin a kafa sabon katako a jikin bango ko a jikin tsofaffin katakan da ke rufe mahaɗar alluna, ba a yi ta huda allon da ƙusa ba. POP ban cika so a irin wannan gida ba, don masu yinsa sukan fasa tsohon silin su sami wurin ɗaure waya.

Mai wayarin da mai sa fanka su ne sukan ɓata aiki bayan an gama komai. Rana ɗaya za ka dawo ka tarar an huda rami uku da inji, farar ƙura a kan kujera, an ce wai ƙwan fitila aka ƙara. In ya zama dole a huda, a bi tsohon rami. In babu, a shimfiɗa leda a ƙasa, a dunƙula kumfar aski ko man gashi mai kauri a daidai wurin, a huda ta cikinsa da abin hudawa na hannu a hankali, kumfar ta kama garin, a goge da jiƙaƙƙen tsumma a jefa a leda, a shafa farin gam na kafintoci a bakin ramin.

Silin kicin shi ne wanda zan ce a cire, amma sai an fara gano inda ruwan ke shigowa. In ba a toshe yoyon ba, sabon da za ka sa ma lotsawa zai yi. Kuma sau da yawa ba allon ne ya gaza ba, katakon da ke riƙe da shi ne ruwa ya ruɓar ko gara ta cinye.

Ga yadda nake sa a yi. Ranar aikin babu mace, babu yaro, babu ɗan kallo a gidan. A fitar da duk abin da ke kicin, tukwane da buhunan hatsi da komai. A kashe wutar gidan daga mita, don za a yi aiki da ruwa kusa da waya. A rufe ƙofar da ke shiga cikin gida, a like ta da leda da salatif, a bar ƙofar waje da taga a buɗe, fanka a kashe. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, irin wadda ake sawa a ƙarƙashin kankaren daɓe. Mutum biyu sun isa. Kowanne ya sa takunkumi mai lamba FFP3 ko P100, ana samu a shagunan kayan kariya na ma'aikata. Takunkumin asibiti na zamanin korona, da hankici, da rawani, duk zaren asbestos ratsa su yake kamar sauro a ragar kamun kifi. Akwai wata magana da ba a so a ji: takunkumin ba ya kama fuskar mai cikakken gemu, iska na bi ta gefe. Ba na cewa kowa ya aske, cewa nake a ba wa samarin da ba su tara ba wannan aikin. Su sa rigar leda ta aiki mai hula wadda ake yarwa, da takalmin roba marar igiya.

Sai a cika famfon feshi na manoma, wanda aka wanke sosai, da ruwa da ɗan omo kaɗan. Omon ne ke sa ruwan ya ratsa allon maimakon ya gangare. A fesa a hankali har ya jiƙe, ta ƙasa, da ta sama in akwai ƙofar shiga silin. A ɓamɓare siraran katakan da ke rufe mahaɗa, kawunan ƙusoshi za su bayyana. A zare ƙusa ɗaya bayan ɗaya, mutum ɗaya na tallafe da allon. Burin shi ne allo ya sauko ɗungurungum, ƙafa huɗu a ƙafa huɗunsa. In ya karye, to ya karye, a ƙara fesa ruwa, amma kada a ƙara karya shi don ya shiga buhu. A ɗora su a kan leda a naɗe ninki biyu, a ɗaure da salatif, a rubuta a jiki. Ka sani kuma ƙurar da ta taru a saman silin shekara hamsin, a ƙarƙashin kwanon asbestos, ita ma ba ta da tsabta, don haka a jiƙa ta tun kafin ta zubo. Bayan an gama, ba tsintsiya, ba injin zuƙar ƙura na gida, shi wannan busa zaren yake ta baya. Jiƙaƙƙen tsumma kawai, a goge katako da bango da taga, kowane tsumma sau ɗaya a jefa a leda. A naɗe ledar ƙasa daga gefe zuwa tsakiya. A tuɓe rigar aiki a juya cikinta waje, takunkumi shi ne na ƙarshen cirewa, sannan wanka nan take a wurin. Kada kowa ya tafi gida da kayan da ya yi aikin da su. A Ingila da Italiya da Ostareliya an sami mata da yawa da suka kamu da sankarar nan ba su taɓa taka masana'anta ba, kakkaɓe kayan aikin mazajensu kawai suke yi kafin wanki.

Aikin da kafinta zai yi a minti ashirin zai ci yini guda. Ka biya shi kuɗin yini, ka ƙara masa, in ba haka ba da ka juya baya zai koma wa guduma.

Bangon sito da na boyis-kwata kuwa, shi ne ya fi sauƙin kulawa, kuma shi ne ya fi shan wahala, don yana daidai tsayin ƙwallon yara da ƙahon rago da kan baro. Allon asbestos yana da ƙarfi amma ba ya lanƙwasa, ƙaramin duka sai ya tsage kamar faranti. Allo biyun da suka tsage, in tsaga ce kawai ba wani yanki da ya fita, ba sai an cire ba. A jiƙa, a goge, a cika tsagar da abin like na roba da ake matsawa daga kwalba, a shafe da fenti. In akwai karyayyen baki da zare ya fito kamar gashin masara, a shafa masa farin gam da aka tsinka da ruwa, hannu biyu, ya sha ya bushe, sannan a rufe wurin da falle na kwano ko sabon allo, a kafa shi a jikin katakon da ke baya. Wanda ya ragargaje sosai a cire shi yadda na bayyana, a maye da sabon allon siminti marar asbestos, a yanka sabon a can nesa don kada a rikita ɓaraguzai.

Wankin bangon shi ne inda masu tsabta ke yin ɓarna. Bayan damina za ka ga gansakuka da baƙin datti, musamman ta gefen da rana ba ta bugawa. Hannu zai kai ga burushin ƙarfe, ko a kira masu wankin mota da injinsu mai ƙarfin feshi. Injin nan yana kankare fuskar simintin, ya watsa zaren cikin laka a duk tsakar gida, laka ta bushe, iskar hunturu ta ɗauka. Abin da ake yi shi ne ruwan sabulu da ɗan bilic, soso mai laushi, a bari ya jiƙa, a ɗauraye da ruwan bokiti a hankali. In ya bushe a sa fentin farko wanda ke jure siminti, sannan fentin waje hannu biyu. Duk shekara biyar zuwa bakwai a sake, ko da zarar ka shafa hannu ka ga fari kamar alli. A sare reshen mangwaro ko darbejiya da ke gogar bango. Kada a jingina itace ko ƙarafa a jiki. Kada a kafa ƙusar igiyar shanya. Ƙasan allon kada ya nutse a ƙasa mai danshi, a janye ƙasar a zuba tsakuwa. Kada kuma a hura wutar girki ko a ƙona shara a gindinsa: zaren ba ya ci da wuta, amma simintin in ya yi zafi fashewa yake da ƙara, ya watsa gutsattsari.

Sai rufi. A nan haɗarin da ya fi kusa ba ciwon shekara talatin ba ne, faɗowa ce ta yau. Tsohon kwanon asbestos yana yaudara, ka gan shi da kauri kamar zai ɗauki sa, amma mutum na taka tsakiyarsa sai ya burma ba gargaɗi. Mai ɗaura dish, mai sa sola, yaron da ya hau ɗauko ƙwallo, duk ka hana. In dole a hau, a shimfiɗa faffaɗan katako ya haye kan azara aƙalla biyu, a taka katakon. Yawancin yoyon irin wannan rufi daga wurin noti ne, robar da ke ƙarƙashinsa ta bushe ta tsage, ko daga kan tozo. Ana canja robar, ana like ƙaramar tsaga da kwalta ta gwangwani ko salatif ɗin kwalta. Rufin da ba ya yoyo sosai, ba ya marmashewa, zai iya ƙara shekaru. Ranar da ka tashi canja shi, a yanke notocin da almakashin ƙarfe maimakon a fasa kewayensu, a jiƙa, a sauko da kowane falle da hannu ko igiya, kada a jefo. Kuma ka yi shi lokacin da iska ta kwanta, ba tsakiyar hunturu ba, ka gaya wa maƙwabta su rufe tagogi su kwashe shanya.

Za a tambaye ka ruwan sama da ake tara daga indararo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar shaida cewa asbestos da aka sha a ruwa yana cutarwa, huhu ne abin tsoro. Garuruwa da yawa ma da bututun siminti da asbestos aka ja musu ruwan famfo. Abin lura shi ne laka da ke taruwa a indararo da kwatar da ruwan rufi ke zuba, don a nan zaren da ruwa ya wanko ke kwanciya. A kwashe ta tana jiƙe, a ƙulle a leda. Ruwan farkon damina a bar shi ya zube, wannan ko don kashin tsuntsu da ƙura ma ya kamata.

Zubar da ɓaraguzai shi ne inda ko masu lura sukan saki layi, don an gaji, kuma ga masu roƙo a ƙofa. Za a zo a ce a ba ni na rufe kejin kaji, a ba ni na cike rami, 'yan jari-bola ma za su tsaya. Hana su shi ne alherin da za ka yi musu. Yara kuma suna son guntun silin don yana zane a ƙasa kamar alli. Ka je ofishin hukumar kare muhalli ta jiha, a Kaduna KEPA ke nan, ka ce kana da sharar asbestos a naɗe, su nuna maka inda za a binne. Binnewa ake yi da ledarsa, a rami mai zurfi, a wurin da ba za a zo haƙa tushen gini ko rijiya ba. Ba a ƙonawa, ba a zubawa a bolar unguwa.

Wataƙila a ranka kana cewa, to mu da muka girma a gidan fa, har an taɓa fasa allo muna tsaye? Kwantar da hankalinka. Ba a san wani adadi da za a ce shi kam babu komai ba, amma haɗarin yana tafiya ne da yawan ƙurar da tsawon lokacin shaƙarta. Wanda ya zauna ƙarƙashin lafiyayyen silin, ko ya ci karo da ƙura sau ɗaya ko biyu, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da kafintan da ke yankan allo da zarto kullum. Hoton ƙirji ba ya nuna zaren, don haka gudu asibiti washegari ba ya faɗa maka komai. Madara da leburori ke sha bayan aikin ƙura wai tana wanke ƙirji, ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu. Abin da ke da tasiri na gaske shi ne taba. Binciken da aka yi kan ma'aikatan naɗe bututu a Amurka ya nuna asbestos kaɗai ya ninka haɗarin sankarar huhu kusan sau 5, taba kaɗai kusan sau 10, su biyun a haɗe kusan sau 50. Kuma duk tsohon kafinta ko magini ko makanikin da ya yi shekaru yana busa ƙurar birki da baki, tunda shi ma birki akan haɗa shi da asbestos, in ya fara gajeren numfashi ko busasshen tari da ya ƙi tafiya, ya gaya wa likita irin aikin da ya yi. A wurinmu irin wannan tari da tarin fuka ake fara zarginsa, in ba ka faɗi tarihin aikinka ba likita ba shi da dalilin duba wani wuri.

Ka ba uwargida wannan ta karanta da kanta, don sharaɗin da ta kafa na kare yara ne, kuma za a cika mata shi ta wata hanyar. Tun da ba ku tare ba tukuna, kun yi sa'a: a toshe yoyo, a cire silin kicin, a gyara allo biyun, a yi fenti ciki da waje, a goge gidan da jiƙaƙƙen tsumma sau biyu, a bar shi a buɗe kwana biyu, sannan a kawo kaya. Daga nan ka ɗauki takarda ka rubuta wuraren da asbestos ya rage, falo, ɗakuna, rufi, bangon sito da boyis-kwata, da gargaɗin kada a huda, kada a kankare, kada a hau. Ka sa ta a leda ka manna a cikin akwatin mita, inda duk mai gyaran da ya shigo gidan zai fara buɗewa, ka ajiye kwafi ɗaya tare da takardun gidan saboda sauran magada.